Alhaji ya ce manhajar kyauta ce, don mi za mu mayar musu da wani abu?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ne mai kula da kwamfutoci a kamfanin wani Alhaji nan Maradi, muna sayar da siminti da kayan masarufi, in kaka ta yi kuma mu shiga aya da wake. Da wata manhajar kyauta mai suna Dolibarr muke fidda faktir da lissafin kayan mangaza, tun da muka fara ko dala ba mu biya kowa ba. Na yi masa 'yan gyare-gyare da hannuna, na sa awo da tiya da buhu, na kuma sa wurin juya naira zuwa sefa saboda masu zo mana daga Jibiya da Katsina. Na ce wa Alhaji ya kamata mu tura gyaran nan ga masu manhajar kuma mu riƙa ɗan ba su wani abu, sai ya ce abin da aka ce kyauta ne mi ya kawo maganar kuɗi, kuma in na tura ai abokan gasarmu na kasuwa za su ɗauka a banza. Ta yaya zan fahimtar da shi? Kuma shin dole ne a kanmu?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara basira. Bari in fara da ta ƙarshe tunda ita ce mai sauƙi: a'a, ba dole ba ne. Dolibarr yana ƙarƙashin lasisin GPL, kuma abin da GPL ya ce shi ne ka ɗauka, ka yi aiki da shi, ka canza abin da ka ga dama, in dai cikin gidanku kuke amfani da shi babu wanda zai zo ya ce ku fiddo gyaranku. Inda dole take shigowa shi ne ranar da ka ɗauki wannan da ka gyara ka je ka saka wa wani kamfani, ko da kuɗi ko kyauta, to a nan sai ka ba shi kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, gaba ɗaya har da gyaranka, a kan wannan lasisi dai, shi ma yana da ikon ba wani. Na faɗi wannan ne saboda na san samarinmu, yau kana aiki wurin Alhaji gobe wani mai farmasi ko mai kanti ya ce ka saka masa irin na ku, gara ka san matsayinka tun yanzu. Wasu lasisin kamar MIT da BSD ko wannan sharaɗin ba su da shi, ka dai bar sunan masu shi da rubutun lasisin inda suke. Don haka kar ka je wa Alhaji da barazanar doka, ba ta taso ba, kuma in ya gano ka ƙara gishiri ba zai sake sauraronka ba.

Kuma gaskiya Alhaji bai yi wauta ba. Ɗan kasuwa ne, ɗan kasuwar Maradi ma, duk dalar da za ta fita sai ya san mi za ta dawo da shi. Kuskuren da mafi yawan masu aikinmu ke yi shi ne su je wa mai gida da wa'azi, wai mu taimaki duniya, wai ladabi ne a gode wa wanda ya ba ka. Duk gaskiya ne amma shi yana da wuraren da yake sadakarsa, masallaci ne, marayu ne, dangi ne a ƙauye, ba wasu Turawa da bai taɓa gani ba. Kai da littafin lissafi za ka je masa.

Ga lissafin. Gyaran nan da ka yi, a ina ka yi shi? In ka bi hanyar da yawanci ake bi, cikin fayilolin Dolibarr na asali ka shiga ka canza. To masu Dolibarr kusan sau biyu a shekara suke fidda sabon babban zubi, ban da ƙananan da ke toshe ɓarakar tsaro. Duk ranar da ka ce za ka yi mizajur, wato ka koma sabon zubi, sabon zai hau kan gyaranka ya share shi, sai ka zauna ka sake ɗinka shi layi-layi, kuma wataƙila wurin da ka taɓa ma sun sake masa fasali gaba ɗaya. Karo na farko za ka jure, na biyu ka jure, na uku sai ka ce a bar shi haka tunda yana aiki, daga nan kun tsaya a tsohon zubi shekara da shekaru, duk ramin tsaron da aka gano aka toshe wa kowa ku naku a buɗe yake, ga lissafin bashin mutane da farashin sari duk a ciki. Sannan babbar tambayar da Alhaji zai fi ganewa: in kai ka samu aiki a Yamai ko wata ƙungiya ta ɗauke ka, wa ya san abin da ka taɓa? Babu. Wanda zai zo bayanka sai ya ce a zubar a sake sabo, kuɗin wannan kuma daga aljihun Alhaji zai fito. Amma in gyaran ya shiga cikin manhajar ta asali, kowane sabon zubi da shi zai zo, mutane da dama a ƙasashe daban-daban su ne za su riƙa kula da shi suna gwada shi, ku ba ku biya su ko tamma ba. Wato nauyin da kuke ɗauke da shi ku kaɗai ne kuka sauke wa jama'a. Ni a ganina wannan ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi, sauran duk ƙari ne.

Manyan kamfanoni su ma ba don tsoron Allah suke tura gyaransu ba. Linux, manhajar kyauta mai tafiyar da kwamfuta, da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finland, yau mafi yawan masu rubuta shi ma'aikata ne da albashi a kamfanoni irin Intel, Google, Red Hat, Huawei, kuma wasunsu abokan gasar juna ne a kasuwa. Sun gane cewa riƙe gyara a gefe ya fi tsada a kan tura shi. IBM ta sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34 na Amurka, kamfanin da kusan duk abin da yake rubutawa a buɗe yake kowa na iya ɗauka.

Yanzu maganar abokan gasa. Ka tambayi Alhaji cikin ladabi, mi ya sa mutum ke tsallake mangaza goma ya zo tasa? Saboda farashi ne, da amana, da bashin da yake ɗaga wa mutum ƙafa, da sanin wanda zai kira a Dan Isa in kamyo ya maƙale, da sanin lokacin da aya za ta tashi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin kod. Abin da za ka tura shi ne dabarar juya tiya zuwa buhu, wadda duk yarinyar da ke awo a kasuwa ta san ta da ka. Sunayen masu saye, farashinku, ribarku, wa ake bi nawa, waɗannan suna cikin rumbun bayananku ne kuma lasisi bai taɓa su ba, ba wanda zai gan su. In kuma akwai wani abu da da gaske sirrin gidan ne, misali yadda Alhaji ke lissafa ragi ga manyan dilolinsa, to wannan ka ware shi ka yi masa modul, wato ɗan ƙarin manhaja, nasa daban ka ajiye a jakar da Dolibarr ya tanada don ƙarin da mutum ya yi wa kansa, ba sai ka tura ba. Ba a ce komai sai an bayar ba. Ka raba biyu: abin da kowane ɗan kasuwa a yankin nan ke buƙata ya tafi wurin masu manhajar, abin da ya shafi gidanku kaɗai ya zauna gida.

Wani abu kuma, in kamfanoni biyar a garin nan suna amfani da abu ɗaya, gobe samun yaron da ya iya shi ba zai yi wuya ba. Wannan ma riba ce gare shi.

To sai ɗaya ɓangaren, cewa tunda kyauta ce ba ta buƙatar kowa. Nan ne mutane da yawa ba su san yadda abin yake ba. A watan Afrilu 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin da ke wucewa tsakanin kwamfutarka da shafukan intanet, bankuna da manyan kamfanoni duk a kanta suka dogara, shafuka wajen rabin miliyan abin ya shafa. Da aka duba sai aka ga gudummawar da aikin ke samu a shekara ba ta wuce kamar dala 2000 na Amurka ba, kusan miliyan ɗaya na sefa ke nan, kuɗin da Alhaji zai iya juyawa kafin azahar, kuma mutum ɗaya ne tak yake aikin a matsayin cikakken aikinsa. Sai bayan ɓarna ta auku manyan kamfanoni suka haɗa kuɗi ta hannun Linux Foundation. A Disamba 2021 aka sake irin ta da Log4j, wani ɗan kod na kyauta da manhajoji da yawa ke aiki da shi, 'yan sa-kai ne ke riƙe da shi, su suka kwana gyara yayin da kamfanonin da ba su taɓa ba su komai ba ke aiko musu da saƙon gaggawa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta xz a watan Maris 2024. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce ta matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana ɗawainiya da ita shi kaɗai har ya gaji, sai wani da ke kiran kansa Jia Tan ya zo kamar mai taimako, ya yi kusan shekara biyu yana aikin kirki har aka yarda da shi aka ba shi mabuɗi, sannan ya dasa ƙofar ɓoye wadda da ta bazu da an iya shiga sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe da shafuka da bayanai, masu ɗimbin yawa a duniya. Wani injiniya a Microsoft, Andres Freund, shi ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tono abin. Gajiyar mutum ɗaya da ba wanda ya kama masa ce ta buɗe wannan ƙofar. Kamar rijiyar unguwa ce, kowa da gugansa, amma ranar yasa in mutum ɗaya aka bar wa, wata rana za a zo a tarar da laka.

Ba ina ce maka Dolibarr na cikin wannan hali ba, yana da ƙungiya a Faransa da ke tsaye a kansa da kamfanoni da dama da ke ci da shi. Amma a ƙarƙashinsa akwai PHP, yaren da aka rubuta shi da shi, akwai MariaDB ko MySQL masu ajiye bayanai, akwai ƙananan abubuwa birjik da ba ka ma san sunansu ba, kuma kasuwancin Alhaji a kansu yake zaune ko ya sani ko bai sani ba.

In kana son labarin da zai shiga kunnensa, ba shi na WhatsApp, tunda da shi yake ciniki dare da rana. Jan Koum, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, a 2014, shekarar da Facebook ta saye su, ya ba gidauniyar FreeBSD dala miliyan 1 na Amurka, don a lokacin a kan FreeBSD, wata manhajar kyauta irin Linux, sabobinsu ke gudu kuma ya ce sanin FreeBSD ne ya sama masa aikin da ya fidda shi daga talauci. Ɗan kasuwa ne da ya san inda arzikinsa ya fito.

Sai mi za ku bayar. Kuɗi shi ne na ƙarshe a jerina, ba don ba shi da amfani ba, sai don abin da kuke da shi wanda babu a Paris ko Liyon ya fi kuɗinku tsada. Mai rubuta manhaja a Faransa bai saba da kuɗin da ba shi da santim ba, alhali sefa ba ta da ɓurɓushi a ciniki, in TVA ta 19 cikin 100 ta faɗo da rabin tamma ya za a dunƙule ta har jimillar faktir ta yi daidai da ta kontabul? Bai san kasuwar da canjin naira kan motsa tsakanin safe da la'asar ba. Bai san cewa mu da dala da jika muke ƙirga ba, mai saye ya ce ɗari biyu yana nufin jika guda, yaron kanti ya buga 200 a maimakon 1000. Bai san abin da ke faruwa in kuran ya ɗauke ana tsakiyar tabbatar da faktir ba, ko yadda shafi ke yi in rezo ya yi rauni. Tsarin lissafi na SYSCOHADA da aka sabunta ya fara aiki tun 1 ga Janairu 2018 a ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya, ga kuma maganar faktir mai shaidar hukumar lanho da 'yan kasuwa ke fama da ita nan Nijar, duk wanda ya gyara ɗaya daga cikin waɗannan da kyau ya tura, ya yi wa 'yan kasuwa daga Zinder har Bamako da Kwatano aiki. Ku ne kuke ganin matsalolin nan kullum. Rahoton matsala mai kyau, wanda ya ce ga zubin da nake amfani da shi, ga abin da na danna ɗaya bayan ɗaya, ga abin da na zata, ga abin da ya fito, ga hoton allo, wallahi masu kula da manhaja sun fi son sa a kan jika goma.

Akwai fassara kuma. Dolibarr ta wani shafin intanet mai suna Transifex ake fassara shi, ba ya buƙatar iya kod. Ka duba yaran mangaza nawa ne suka yi makarantar allo ko suka tsaya a firamare, Faransancin allon kwamfuta na ba su wahala, suna danna abu da haddar wurinsa kawai. In allon fidda kaya da na karɓar kuɗi suka koma Hausa kuskure zai ragu, kuma wanda ya fara cin ribar shi ne Alhaji. Ɗalibai na nan a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna neman wurin istaj kowace shekara, a ɗauki ɗaya ko biyu a ba su ɗan kuɗin mai, kai ka riƙa duba abin da suka yi. Kuɗin bai bar Maradi ba, kuma aikin ya shiga duniya da sunan kamfanin. Haka in direbobinku na shan wahalar kwatance, sa titunan unguwanni da mangazu a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara wa, shi ma bayarwa ce.

Lokaci shi ne abin da za ka roƙa a fili. Ka ce ya ba ka rabin yini a sati, misali Asabar da safe, a san cewa aikin kamfani kake ba wasa da intanet ba. In bai amince da baki ba za ka riƙa yi a ɓoye da dare, kuma wannan ba ya ɗorewa.

In an zo kuɗi, kar ka kira babban adadi. A 2024 kamfanin Sentry da wasu suka fito da wani alkawari mai suna Open Source Pledge, kamfani ya riƙa biyan aƙalla dala 2000 na Amurka a shekara kan kowane mai rubuta kod da yake da shi. Wannan awon Amurka ne, ba namu ba. Ku abin da ya dace shi ne ka nemo farashin manhajar kuɗi mai irin wannan aiki, lasisin shekara na yawan kwamfutocinku, ka rubuta a takarda, ka ce Alhaji ga abin da ba mu biya ba, a ba da ɗaya cikin ashirin ko ɗaya cikin goma. Ƙungiyar Dolibarr na karɓar mambobi da gudummawa, sayen modul a DoliStore, kantinsu na intanet, shi ma kuɗi ne da ke shiga hannun masu rubutawa, ko ku biya wani gwani ya rubuta abin da kuke buƙata da sharaɗin a sake shi ga kowa. Wannan na ƙarshen ya fi sauƙin shiga kan ɗan kasuwa don yana ganin abin da ya saya. Biya dai ta banki ne, misali da kati irin Visa, don haka ka shirya da kontabul a sa shi cikin kuɗin kula da kayan aiki, sau ɗaya a shekara, kar ya zama abin da za a riƙa roƙo kowane wata.

Kafin ka tura komai, abu biyu. Na ɗaya, kod ɗin da ka rubuta a lokacin aiki da kwamfutar kamfani kar ka ɗauka naka ne kai kaɗai, ka samu izinin Alhaji a rubuce ko da layi uku ne da sa hannu, saboda yau ana dariya gobe in an ɓata sai a ce ka fidda kayan gida. Na biyu, ka tsefe shi tsaf: kalmar sirri, lambar NIF, sunan wani dila da ka sa don gwaji, lambar waya, adireshin sabarku. Abin da ya hau GitHub, shafin da ake tura kod ɗin, ko ka goge yana nan cikin tarihi kuma wani ya riga ya kwafa. Hoton allo ma ka rufe sunaye.

Kuma ka shirya wa a ce maka a'a. Kar ka tattara gyaran shekara guda ka jibga musu lokaci ɗaya, ba wanda zai karanta. Ka fara buɗe magana da su ka ce ga matsalar da muke da ita a Nijar, ga yadda na warware, ya kuke gani, da Faransanci ma ya isa tunda yawancin jagororin aikin Faransawa ne, kodayake a GitHub Turanci aka fi yi. Mai yiwuwa su ce maka juyin kuɗi ai akwai modul ɗinsa tun tuni ka kunna kawai, awon tiya kuma ka ƙara shi cikin ƙamus na ma'auni ba sai an taɓa kod ba, ka ga ka huta da rabin kayan da kake ɗauke da su. Mai yiwuwa su ce ka sake rubutawa bisa tsarinsu, ko su yi shiru sati uku don su ma da aikin cin abincinsu. Kar ka yi fushi, kar kuma ka bi su da saƙo kullum. Kuma don Allah kar ka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuto maka dogon rahoto ka tura ba ka gwada da hannunka ba, Daniel Stenberg mai kula da wata manhajar kyauta mai suna curl ya sha kokawa a fili kan yadda irin waɗannan rahotannin bogi ke cinye musu lokaci.

Da ni ne kai, wannan satin zan zaɓi gyara ɗaya mafi ƙanƙanta, wanda ba ya da alaƙa da farashi ko sunan kowa, in nuna wa Alhaji shi a allo ya gani da idonsa cewa ba sirrinsa a ciki, in karɓi izininsa, in tura. Maganar kuɗi ka bar ta sai mizajur na gaba, ranar da za ka iya kiransa ka ce ga gyaranmu ya zo da kansa, ga kuma sauran da ba mu tura ba da zan kwana biyu ina sake ɗinkawa.